Layin Jiragen Ikko da Gonar Surukina

Akwai wurin da na tsana tun kafin in gan shi da idona, wato tashar jiragen ruwa ta Ikko. Ni mutumin Rikoto ne, nan cikin Zuru, kuma a tsakiyar shekarun saba'in ruwa mafi girma da na sani shi ne rafin da muke tsallakawa zuwa gona idan ya kawo a tsakiyar damina. Ban haɗa komai da teku ba. Amma wannan tashar da ke can ƙarshen ƙasa ita ce ta zo har ƙofar gidan surukina, aka shimfiɗa mata tabarma, aka yanke mini hukunci da dokarta.

A wurinmu, mu da Hausawa ke kira Dakarkari, a wancan zamani saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Golmo yake yi. Shi da sa'o'insa sukan haɗa ƙungiya su shiga gonar uban yarinyar, su yi huɗa, su yi noma, su yi girbi, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan, damina bayan damina har bakwai. Idan wa'adi ya cika sai a fito da su gaban jama'a a bikin Uhola, bayan an kai amfanin gona gida, kowa a ba shi matarsa. Wanda bai karɓi tasa ba kuwa, golmonsa bai ƙare ba. Zai koma gona tare da ƙannensa, yaran da shi ya koya wa riƙon garma, kuma ba abin da saurayi ke tsoro kamar wannan.

Tsohon da nake wa golmo yana da 'ya'ya mata biyu. Babbar ita ce tawa, kuma ba wanda ya zaɓa mata ni. Ita da kanta ta zuba mini gari a kafaɗa a filin kokawa, ranar da na kayar da wani ƙato daga Wasagu, don haka 'yan matanmu suke nuna wanda suke so. Ƙaramar kuwa ɗan kawuna ne ya shiga yi mata. Sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki, tare muka sha dukan satar gyaɗa, a damina ɗaya kuma muka shiga gonar tsohon. Ko girbin farko bai gama ba aka zo ɗaukar soja, lokacin yaƙi na ci, ya jingine garma ya hau mota. A Zuru wannan ba labari ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka samu soja ba. Al'ada ta ce idan ɗan ƙungiya ya tafi, sauran su rufe masa aikinsa. Muka rufe masa. Amma ku sani, mafi yawan kunyoyin da ake cewa nasa ne ƙuguna ne ya san su, don ni ne ɗan'uwansa, ni ake kallo duk ranar da rabonsa ya rage.

A shekarar da wa'adinmu ya cika, tun farkon damina tsohon ya shaida wa iyayenmu cewa 'ya ɗaya kawai zai iya fitarwa bana. Idanun matarsa sun yi rauni, ko bakin murhu ba ta gani sosai, dole ɗaya ta zauna ta yi daka da ɗiban ruwa har ɗansa ya yi aure baɗi ya kawo amarya gidan. Ba wanda ya ɗaga hankali, ni ma ban ɗaga ba. Babba ake fara fitarwa, ni na riga kai gaisuwa, ni ne kuma tsohon ke gani a gonarsa kullum. Har ɗaki na gina a bayan na babana, na yi masa jinka, na daɓe ƙasan. Ita kanta ta zo da ƙawayenta ta leƙa, ta ce ƙofar ta yi gajarta, na fasa na ƙara mata tsawo.

Sai ga ɗan kawun nawa ya sauka lokacin yankan dawa, ya zo hutu da igiya biyu a hannun riga. Daga ranar ba wanda ya sake kiran sunansa, sai dai Kofur. Ya yi ƙiba, wuyansa ya yi kauri, takalmi na ƙyalli, ga baƙin tabarau, ga rediyo a rataye, ni kuma ƙaiƙayin dawa ya cinye mini wuya da ƙirji. Na rungume shi, na yi murna da gaske, sai dai murnar ba ta kai la'asar ba. Tsarabar da ya kai wa tsohon ba wani abin a zo a gani ba ce, buhun gishiri ne da fitilar ƙwai. Da a nan ya tsaya da mun rabu lafiya, amma mutumin nan da labari ya zo cike da bakinsa.

Shi kuwa tsohon mutum ne mai son tsari kamar me. Shi ke raba wa matan unguwa layin rijiya idan ruwa ya ja baya, shi ke faɗin gonar da ƙungiya za ta fara da wadda za ta biyo, kuma duk rigimar wa ya riga wa wurinsa ake kawowa. In hira ce da yarenmu yake yi. In magana ta yi nauyi sai ya juya zuwa Hausar da ya koya wurin Kabawa a kasuwa, wai ta fi zama a kunne.

Ranar muna ɗaurin dami a gonarsa, rana ta take, muka taru a inuwar ɗorawa shan kunu. Kofur ya biyo mu da kakinsa, wai ya zo taya mu. Dami ɗaya ya ɗaga, tsohon ya ce haba, baƙo ba ya aiki, ya jawo shi kan buzun da ni ban taɓa ɗora ko yatsa a kai ba. Babbar ta kawo kunun, ta durƙusa ta miƙa masa ƙwaryar farko. Na san baƙo ake fara ba, amma na ji abin har cikin haƙorana.

"Soja, ina anka aje ka yanzu?" in ji tsohon.

"Tashar jiragen ruwa, Baba, a Ikko. Ka ga daga nan zuwa tsamiyar can? To tsawon jirgi ɗaya ke nan. Kuma suna nan jere a kan teku iyakar ganinka, sai ka ce gari ne ya tashi ya koma kan ruwa. Wani ya yi wata da watanni bai samu wurin sauke kaya ba."

Ya gyara zama ya shiga bayani. Wai duk abin da muke gani a kasuwar Zuru wanda ba ƙasarmu ta haifa ba, kwanon rufi ne, tayar keke ce, maganin asibiti ne, ko atamfar da 'yan mata ke mafarki, ta wannan ƙofa yake shigowa. Audugarmu da gyaɗa da fata da kaɗanya ta nan suke fita, har mutanen Nijar da ba su da teku ta nan ake sauke musu wasu kayan. A bakin ƙofar kuma gwamnati ke karɓar harajin da take aiki da shi. To da kuɗin mai suka shigo, kowa na son gini, sai manya suka yi ta odar siminti daga ƙasashen waje, jiragen suka taso lokaci guda. Kwatar da jirgi ke jingina a sauke shi kuwa ba ta ɗaukar sai 'yan kaɗan. Har ma, in ji shi, ana biyan mai jirgi ladan zaman da yake yi, don haka wasu tsofaffin jirage jiran kawai suka zo yi.

"Da can doka ita ce wanda ya riga zuwa shi ke shiga," in ji Kofur. "Sai ga jirgin magani da na shinkafa sun maƙale a bayan na siminti. Shi ya sa aka kawo mu soja, aka ba wani babban hafsa riƙon tashar, oda ɗaya yake bayarwa kowa ya bi. Muka soke tsohon layi. Yanzu ba ma tambayar yaushe ka zo, me ka ɗauko muke tambaya. Abin da jira zai lalata, ko wanda ƙasa ba ta iya kwana ba shi, shi ne gaba. Siminti ya jira, ko a sauke shi a tsakiyar ruwa cikin ƙananan jirage. Waɗanda ke ƙasashensu muka aika musu kada wanda ya taso sai an kira shi. Kuma muna cike wata fadama, za mu gina sabuwar kwata."

Muka soke, muka aika, za mu gina.

"Kai da wa?" na ce. "Ni dai na san kofur a bakin ƙofa yake tsayawa yana ɗaga wa motoci sanda."

"A nan nake tsayawa, Manomi," ya ce yana dariya, ko a jikinsa. "Amma in ban ɗaga sandar ba, gishirin miyarka ba zai iso Zuru ba."

Aka kwashe da dariya, har da 'yan ƙungiyarmu, mutanen da muka yi shekaru muna rufe masa aiki tare. Babbar ma ta rufe baki da gefen zane. Tsohon ko kallona bai yi ba, hankalinsa na can wurin layi.

"To wanda yar riga zakuwa hwa? Bai yi hwaɗa ba?"

"Yana yi, Baba, har ƙara suke kaiwa. Amma hafsanmu ya ce mai riƙon ƙofa ba ranar zuwa zai duba ba, ya duba wa jira zai fi cuta."

Tsohon ya daɗe yana gyaɗa kai, yana maimaita maganar a hankali kamar mai tauna goro. Ni a lokacin ban hangi wani haɗari ba, haushi kawai nake ji. Na koma na ja dami da ƙarfi har igiyar ta tsinke a hannuna.

Kwanakin da suka biyo baya ƙofar gidan kawuna ta zama kasuwa. Tela mai jiran keken ɗinki, malamin makaranta mai jiran kwanon rufin aji, tsohuwa mai tambayar abin da ya sa sabulu ya yi tsada, kowa sai ya zo ya ji daga bakin Kofur, shi kuma ya amsa kamar jiragen a aljihunsa suke. Dattawan da ba su taɓa wuce Kontagora ba suka koma muhawara a kan ko ya kamata ƙasa guda ta dogara da ƙofa ɗaya, ko a raba jiragen zuwa wasu garuruwan bakin teku. Uwata da kanta, wadda nake cika wa rumbu kowace shekara, ta yanka kaza ta aika masa. Ni ban tuna ranar da kaza ta mutu saboda ni ba. Ƙyashi nake ji, ba na ɓoyewa, irin wanda ke sa tuwo ya ƙi wucewa. Takalmin da rediyon ban damu da su sosai ba, shirun da ake yi idan ya buɗe baki ne ya tsaya mini a rai.

A rijiyar unguwa aka fara ganin abin. Wata safiya tsohon ya zo da sandarsa ya tarar da tuluna a jere kamar kullum, ya ce daga yau an daina wannan. Mai jego da wadda ta bar tukunya a kan wuta su ne gaba, masu wanki da masu jiƙa dawar burkutu su jira ko da su suka buɗe rijiyar. Matan suka yi ta hayaniya har rana ta ɗaga. Wasu suka koyi barin tukunya a kan wuta da gangan kafin su fito. Ni ma da aka ba ni labari na yi dariya, na ce tsoho ya samu sabon abin wasa.

Ranar kasuwa na shiga gari sayen ƙusa da kwaɗon ƙofar ɗakina. Akwai wani Ibo mai shagon kayan gini, ya dawo bayan yaƙi ya sake buɗewa, na daɗe ina ciniki da shi. Na tarar da shagon wayam, sai igiyoyi da 'yan gwangwanayen fenti. Ya ce ƙusa tana kan ruwa, kwano yana kan ruwa, yayansa da ke Ikko takalminsa ya ƙare wurin zarya tsakanin ofisoshi. Sannan ya tsaya ya kalle ni da kyau.

"Aboki, ashe kai ɗan'uwan Kofur ne? Don Allah ka kai ni in gaishe shi."

Shekara nawa ina kawo wa mutumin nan ciniki, sai yau ya san ni. Na juya zan fita a fusace, na yi tuntuɓe da abin da yake zama a kai a bakin shagon. Buhun siminti ne, takardar ta yage, cikin ya daskare da siffar buhun.

"Wannan fa?" na ce.

"Na cikin jirgi ne. Ya daɗe a kan ruwa, iskan teku ya shige shi. Sun ce siminti zai iya jira, to ga shi nan ya jira. Ko guduma ba ta fasa shi."

Na fito ba ƙusa ba kwaɗo, amma raina fari tas. Na samu abin da zan tsinka Kofur da shi a bainar jama'a. Na ɓoye maganar ban faɗa wa kowa ba, ina jiran ranar da majalisarsa za ta fi cika.

Ana gab da Uhola tsohon ya aika a kira mu da safe, ni da babana, Kofur da kawuna. Muka durƙusa a ƙofar gidan, kai a ƙasa, yadda ake yi a gaban suruki. Da na ji ya fara da Hausa sai gabana ya faɗi.

"Kun san ɗiya guda za ni hiddawa bana," ya ce. "Na yi ta tunani. Soja ya kawo min magana. Hutunai ya kusa ƙarewa, bai san randa za a sake ba shi wani ba. Ɗaki a bariki sai mai mata. In ya koma shi kaɗai, Ikko gari na mai cinye yara, ko a ɗauke shi a kai wani wuri, ɗiyata ta tsuhwa tana jira." Ya juyo wurina. "Kai ko, ɗana, kana nan. Ban taɓa neman ka na rasa ba. Baɗi kana nan, baɗin baɗaɗa kana nan. Jira ba ya ɓata ka. Don haka ƙaramar za ta hita bana, babbar baɗi."

Na dubi babana. Kofur ɗan ƙanin matarsa ne, me zai ce? Ba a mayar wa suruki magana, amma ni ranar na mayar.

"Baba, ni na riga."

"Na sani. Wancan tsohon layi na."

"Baba, aikinsa ma ni na yi shi."

"Na sani, ɗana. Shi ya sa na san kana iyawa."

Sai na fito da abin da nake ɓoye. Na ce dokar nan da ake ta yabo ba ta da daɗin da ake faɗa. Na ba su labarin buhun da na gani a bakin shago, na ce simintin da aka ce zai iya jira dutse ya zama, ba ya amfanin kowa sai mai neman wurin zama. Na ce a tambayi Kofur in ƙarya nake yi.

Kofur bai ɗago ba. "Gaskiya ne," ya ce a hankali. "Da yawa ya daskare. Wani ma a teku aka zubar."

Na so ya musa. Na so ya yi mini dariyar nan tasa in samu dalilin shaƙe shi. Sai ya zauna yana zane a ƙasa da tsinke kamar shi aka zalunta.

Na dubi tsohon, na fara sa rai. Can ya ce, "To da maganin anka bari baya, mutane za a binne. Mai riƙon ƙohwa dole shi yi hasarar wani abu. Ni na zaɓi hasarar da nika iya ɗauka." Ya dafa sandarsa ya tashi ya shige gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohon ba ya ƙina. Da ni malalaci ne, ko mai yi masa barazanar gudu Kaduna neman aiki, da tuni ya ba ni ita don kada in kuɓuce masa. Shekarun da na yi ina riga kowa zuwa gonarsa su ne suka zama shaida a kaina. Yau ga furfura a kaina, kuma har yanzu ban yarda hukuncin nan daidai ne ba. Duk wanda ya zo mini da maganar yadda ake tafiyar da manyan tashoshi da hikima, sai in tashi in ba shi wuri.

Washegari Kofur ya same ni a sabon ɗakina ina zaune a ƙasa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon daɓen, ya ce aikin ya yi kyau. Ya cire rediyon daga kafaɗarsa ya ajiye a gabana.

"Ban ce a hana ka ba, wallahi. Na dai faɗa masa halin da nake ciki."

"Ɗauki abinka," na ce. "Kada ya faɗa mini labarin jirage."

Ya ɗauka ya tafi. Ina jin ƙarar takalminsa har ya fita gidan, uwata na raka shi tana ba shi haƙuri, shi ake ba haƙuri.

A Uhola na tsaya cikin 'yan kallo. Sa'o'ina suka fito an shafe su da mai, ana kiɗa, mata na guɗa. Kofur na tsakiyarsu, ya cire kaki ya ɗaura walki, tafin hannunsa sumul kamar na malamin ofis. Yaran da zan shiga ƙungiyarsu baɗi suka zo suna gaishe ni da ladabi mai yawa, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ban ga babbar a filin ba, aka ce tana gida wurin uwarta. Na ɗauka baƙin cikinmu ɗaya ne, wannan ya ɗan sanyaya mini rai.

Bayan biki aka raka amarya tasha da hantsi. Ƙungiya ce ke ɗaukar kayan amaryar ɗan'uwa, don haka ni na ɗauko akwatinta a kaina tun daga Rikoto. Motar katako ce mai zuwa Kontagora, daga can su kama hanyar kudu. An cika ta da buhunan kaɗanya, su ma tashar jiragen za su. Kofur da amaryarsa suka samu gaban mota, albarkacin kaki.

Babbar tana tsaye gefe ita kaɗai, idonta jawur. Na miƙa akwatin sama na je kusa da ita.

"Ki yi haƙuri," na ce. "Damina ɗaya ce. Ɗakin yana nan, kafin lokacin ma na ƙara masa rumfa."

Ba ta kalle ni ba, motar take kallo.

"Ƙanwata tac ce akwai lantarki cikin ɗakinsu, da pampo a ƙohwa. Tac ce za shi kai ta ta ga jiragen da idonta." Ta share fuska da gefen zane. "Kai ma ka yi mai magana mana. Shi samo ma aiki can, ko dako na. In anka ba ka ni baɗi, sai mu tahi."

Ashe kukan nata ba na jiranmu ba ne. Ƙanwarta take wa ƙyashi, yadda ni nake wa mijin. Da wani ne ya ce in roƙi Kofur ko da allura, da an raba mu dambe a tashar nan. Amma ita ce ta ce, kuma yanzu ta juyo tana jiran ta ga ko zan je.

Na je. Direba ya riga ya tayar da mota, ana ɗaure tamfol a baya. Na tsaya a ƙarƙashin tagar, dole sai na ɗaga kai kafin in gan shi.

"Kofur," na ce, kuma wannan ne karon farko da na kira shi haka ba da gatse ba. "In akwai aiki a tashar nan taku, ko na ɗaukar buhu ne, ka tuna da ni."

Ya cire tabarau, ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata. Wallahi ba izgili a fuskarsa, ƙauna ce zalla.

"Haba, ɗan'uwa. Can wahala ce, ba wurinka ba ne. Kai ne hankalinmu ke kwance da kai. In ka taho, wa zai riƙe mana gonar Baba?"

Motar ta ja, amarya na ɗaga hannu ta taga. Na juyo, babbar tana nan inda na bar ta, ta zuba mini ido.

"Mi yac ce?"

"Ya ce in riƙe gonar."

Ta gyara ɗaurin zanenta ta wuce gaba. Na bi ta a baya har Rikoto.